Daga Fayyum Zuwa Katsina: Sunan Wuri a Kan Kayan Kushewa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi ya ji ana zancen goron Gwanja, zai ɗauka a ƙasar Gwanja itacen goro yake tsirowa. Alhali kuwa goron da fatake suka riƙa ɗora wa jakuna suna kawowa Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarni na 18 da na 19, a kurmin Asante ake samunsa, can kudu. Ita Gwanja ƙasar sarari ce, kasuwarta ce kawai, watau Salaga, ta zama mahaɗar mai saye da mai sayarwa. Da yake a nan ne Bahaushe ya fara ɗora hannu a kan goron, sai sunan wurin ya biyo kayan har gida. Haka kuma Turawa suka yi da jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara ta shiga Turai ta Arewacin Afirka, suka kira ta fatar Maroko. Ita kanta akuyar, a Nijeriya ta Sakkwato ce, in aka tsallaka iyaka zuwa Nijar ta Maraɗi ce, ga shi kuwa akuya ɗaya ce.

Abin da ya ba da wannan dama a Hausa shi ne ɗan harafin nan na nasaba, watau -n ko -r, wanda yake ɗaure suna da suna ba tare da ya faɗi irin dangantakar da ke tsakaninsu ba. In aka ce gishirin Bilma, ana nufin inda aka haƙo shi. In aka ce goron Gwanja, ana nufin inda aka sayo shi. In kuwa aka ce ɗinkin Kano, mai yiwuwa a Kano aka yi, mai yiwuwa kuma wani tela ne a Kumasi ya kwaikwayi hannun Kanawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wani suna da ya yi irin wannan tafiya, watau Fayyum ta ƙasar Masar, wadda sunanta ya zama sunan wasu hotunan matattu da suka shahara a duniya, sa'an nan a duba yadda abin da ya sami wannan suna ya sami sunan Katsina a kasuwar kayan tarihi. A harkar goro ruɗanin suna bai cuci kowa ba. Amma a harkar kayan da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa, sunan wuri shi ne shaida ta farko, kuma sau da yawa ita kaɗai ce.

Asalin sunan Fayyum

Fayyum wani kwari ne mai faɗi a cikin hamada, yamma da Kogin Nilu, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Alƙahira. Ruwa yana shiga cikinsa ta wani reshe na Nilu da ake kira Bahar Yusuf, ya shayar da gonaki, abin da ya rage ya gangara ya taru a tafkin Ƙaruna, wanda yake fiye da mita 40 ƙasa da bakin teku, ruwansa kuma yanzu na gishiri ne. A zamanin da tafkin ya fi haka girma nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya ba ƙasar suna. Masarawan dauri sun kira yankin da sunaye masu ma'anar "tafkin kudu" da "ƙasar tafki". Babban birninsa kuwa shi ne Shedet, inda ake bauta wa Sobek, wani abin bauta mai siffar kada, dalili ke nan da ya sa Girkawa suka raɗa wa birnin suna mai ma'anar "birnin kada".

Sunan da ya rayu har yau ya fito ne daga harshen Masar na zamanin da masana ke kira Sabuwar Daula, watau daga wajen shekarar 1550 zuwa 1070 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Kalmomi biyu ne: pa, wadda aikinta irin na al- ce a Larabci, watau nuna sanannen abu, da kuma yam, wadda ke nufin teku ko babban ruwa. Ita yam ɗin ma aro ce daga harsunan maƙwabta na gabas, dangin Larabci da Ibrananci. Almajirin da ya karanta ƙissar Annabi Musa (A.S.) a surar Ɗaha ko ta Ƙasas ya riga ya gamu da 'yar'uwarta, yammu, ruwan da aka jefa akwatin jariri a ciki. Kada kuma kamannin sauti ya ruɗi wani ya haɗa ta da yamma ta Hausa don Fayyum tana yamma da Nilu, babu abin da ya gama su.

A bakin Ƙibɗawa, waɗanda harshensu shi ne matakin ƙarshe na harshen Fir'aunoni, kalmomin biyu sun haɗe sun zama Piyom ko Fiyom. Da Larabawa suka ci Masar tsakanin 639 da 642 Miladiyya a ƙarƙashin Amru ɗan Asi, suka tarar da sunan a dunƙule, ba su ji pa ɗin nan a matsayin harafi mai zaman kansa ba, sai suka ɗora masa tasu al- suka ce al-Fayyum. Ke nan sunan yana ɗauke da harafin nuni har biyu, ɗaya bisa ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin Hausa, domin haka Hausa ta yi wa Larabci: ta haɗiye al- a cikin alƙali da alƙalami da allo, ta rage ta zuwa l- a cikin littafi da labari da lokaci da liman, sa'an nan in tana son ta nuna sananne ta ƙara nata a ƙarshe, ta ce alƙalin, littafin.

Bayan ma'anar ta ɓace wa masu magana, sai aka nemo mata wata. Akwai hikayar da marubutan Larabci na da suka ruwaito, cewa Annabi Yusuf (A.S.) ne ya janye ruwan kwarin ya mai da shi gonaki cikin kwana 70, da sarki ya zo ya gani sai ya ce wannan ai aikin kwana dubu ne, watau alfu yaum, daga nan sunan ya samu. Hikaya ce mai daɗin ji, irin wadda ke cewa Hausa daga "hau sa" ta fito, ko Bayajida daga "ba ya ji da". Amfanin irin wannan labari shi ne ya nuna abin da jama'a suke ɗaukar kansu, amma ba ya tsayawa a matsayin hujjar asalin kalma, tun da sunan ya girmi shigowar Larabci Masar da fiye da shekara dubu.

Ana iya ganin farkon irin wannan dunƙulewa a sunayen ƙasar Katsina. Kafinsoli, ta ƙasar Kankiya, ana rubuta ta wani lokaci Kafin Soli, wani lokaci a haɗe. Muddin tana rabe, mai karatu yana ganin kafi a cikinta, watau garin da aka kewaye da shingen itatuwa don tsaro, kamar yadda yake a Kafin Dangi da Kafin Hausa da Kafin Madaki da Kafin Maiyaƙi, yana kuma ganin harafin nasaba a tsakani. Da zarar ta haɗe a allon bakin hanya da takardun hukuma, yaron da ya tashi bai taɓa ganin gari mai kafi ba zai ɗauke ta kalma guda wadda ba ta da ciki. Abin da ya sami pa-yam ke nan, sai dai nata ya ɗauki ƙarnoni. Game da rubutu kuwa, Turawa suna rubuta sunan Masar ɗin ta hanyoyi da dama, Fayum, Fayoum, Faiyum. Tun da Larabawa masu wurin da shadda suke faɗinsa, Hausa kuma tana rubuta baƙi mai nauyi sau biyu kamar a niyya da biyayya, babu dalilin da zai sa ta bi Bature ta sauƙaƙa shi. Fayyum ya fi dacewa.

Wani abin lura kafin a bar batun sunan: akwai karin harshen Ƙibɗanci da masana ke kira da sunan Fayyum, kamar yadda ake cewa Katsinanci, kuma babbar alamarsa ita ce sa l a inda sauran kare-karen ke sa r. Wanda ya saba jin halshe a bakin mutanen yammacin ƙasar Hausa a maimakon harshe ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Hotunan da yadda sunan ya manne musu

Iskandar Mai Girma ya ci Masar a shekarar 332 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), bayansa gidan Batlamiyus, waɗanda Girkawa ne, suka yi mulki kusan shekara 300. Su ne suka rage tafkin suka faɗaɗa gonaki, suka zaunar da sojojinsu a wurin suka ba su filaye. Batlamiyus na Biyu ya sake wa lardin suna, ya kira shi da sunan matarsa Arsinowe. Baƙin suka yi auratayya da 'yan ƙasa, har bayan Rumawa sun karɓi mulki a shekara ta 30 kafin Miladiyya jikokinsu suna nan a matsayin masu gata, takardun hukuma suna kiransu "mazauna 6,475". Mutane ne masu rubutu da Girkanci, masu ado irin na Rum, amma in mutuwa ta zo sai su koma ga al'adar Masar, a busar da gawa da magani a naɗe ta da ƙyallen lilin.

Sabon abin da suka shigo da shi, daga ƙarni na 1 zuwa wajen tsakiyar ƙarni na 3 Miladiyya, shi ne a zana fuskar mamacin a kan siririn allo, a ɗora shi daidai fuskar gawar, a naɗe gefensa da ƙyalle ta yadda hoton kaɗai ke leƙowa. Wasu an zana su da launi da aka kwaɓa da narkakken kakin zuma, wanda ke ba su sheƙi da kauri, wasu kuwa da launin da aka kwaɓa da danƙo. Binciken da aka yi wa allunan ya nuna yawancinsu na wani itace ne da ba ya tsirowa a Masar, daga Turai ake kawo shi, abin da ke nuna ba aikin talaka ba ne. Ana gane zamanin hoto ta wajen kitson mata da askin maza da 'yan kunne, domin suna bin yayin gidan sarautar Rum. Ga Bahaushe Musulmi, wanda kabarinsa galibi ko suna ba ya ɗauke da shi, wannan al'ada baƙuwa ce ƙwarai. Amma darajar hotunan ga masana ita ce, zanen allo na Girkawa da Rumawa kusan duk ya ruɓe a sauran ƙasashe, busasshen yashin Masar ne kaɗai ya adana wajen guda 1,000.

Bature na farko da aka san ya kai irinsu Turai shi ne Pietro della Valle, mutumin Italiya, wanda ya sayi gawarwaki biyu masu hoto a 1615. A ina? A Saƙƙara, kusa da Alƙahira, ba a Fayyum ba. Suna gidan tarihi na Dresden a Jamus. Sai a 1887 ne aka yi babban gamo a wani wuri da ake kira Rubayat a gefen Fayyum, inda mutanen ƙauye suka tono su da yawa. An ruwaito cewa wani likita Bafaranshe, Daniel Fouquet, ya ji labarin an sami wajen 50 a wani kogo, kafin ya isa masu tonon sun hura wuta da allunan saboda sanyin dare, biyu kawai ya tarar. Waɗanda suka tsira da yawansu sun faɗa hannun wani ɗan kasuwar Ostiriya mai suna Theodor Graf, ya yi ta yawon nuna su a biranen Turai har da Shikago ta Amurka a 1893. Don farashi ya tashi, an yi ƙoƙarin a ce wasunsu hotunan sarakunan gidan Batlamiyus ne, abin da bincike ya ƙaryata daga baya. Kuma da yake an ɓamɓare allunan daga jikin gawarwakin an watsar da sauran, yawancin na Graf ba a san kabarin da suka fito ba.

A 1888 wani masanin Ingila, Flinders Petrie, ya yi tono a Hawara, a ƙofar Fayyum, kusa da dalar Fir'auna Amenemhat na Uku. Ya sami wajen 80, ya nuna su a Landan a shekarar, ya koma a 1910 zuwa 1911 ya ƙara samun fiye da 60. Bambancinsa da Graf shi ne ya rubuta inda ya sami abu da abin da ke tare da shi. Daga lissafinsa ne aka san cewa cikin gawarwaki ɗari, ɗaya ko biyu ne kawai ke da hoto. Daga aikinsa ne kuma aka san wasu da sunayensu, kamar saurayin nan Artemidorus da ke gidan tarihi na Biritaniya, da Hermione, wadda aka rubuta wa laƙabin da ke nuna ma'abuciyar nahawu ce, gawarta tana kwalejin Girton a Kambirij.

To, da yake waɗannan manyan taruka biyu, na Graf da na Petrie, daga Fayyum suka fito, kuma a shekaru biyu a jere suka cika idon Turai, sai sunan ya zauna. Bayan haka aka ci gaba da samun irinsu a wasu wurare: a Antinowe, birnin da Sarkin Rum Hadrian ya kafa a shekara ta 130 a tsakiyar Masar, inda Albert Gayet ya yi tono tun daga 1896, da Akhmim, da Tiba can kudu, har da gaɓar Bahar Rum. Duk aka ci gaba da kiransu hotunan Fayyum. Nasabar ta tashi daga "inda aka same su" ta koma "masu kama da waɗanda aka samu a can". Abin dariya a ciki shi ne, su masu fuskokin da suka zauna a kwarin, a takardunsu na haraji da na gado mutanen lardin Arsinowe ne. Masana da yawa yanzu sun fi son su ce hotunan gawa na Masar ta zamanin Rumawa, kuma haka gidan tarihi na Biritaniya ya yi a babban nunin da ya shirya a 1997. Amma gajeren suna ya fi dogo ƙafa, a littattafai da jaridu Fayyum ɗin ce dai ke yawo. A ƙarshen 2022 hukumar kayan tarihi ta Masar ta ba da sanarwar samun wasu sababbi a Garza, cikin Fayyum, a tonon da aka yi bisa ƙa'ida.

Duk da haka, ɓarnar da sunan ya yi a Masar mai sauƙi ce, domin akwai littattafan Petrie da za a koma wa, akwai rubutu a jikin wasu gawarwakin, akwai dubban takardun zamanin da yashi ya adana. Inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, suna shi ke zama komai.

Nok, Sakkwato da Katsina

Nok ƙauye ne na mutanen Ham a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a wurin. A farkon shekarun 1940 aka kai wa Bernard Fagg wani kan daga wajen Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya don tsoratar da dabbobi. Fagg ya ga kamanninsu, ya tattara irinsu, ya kira al'adar da sunan inda aka fara samu, bisa ga ƙa'idar masu wannan ilmi. Yau ana samun "Nok" a ƙasa mai faɗin gaske, ɗaruruwan kilomitoci daga ƙauyen. Amma sunan yana da gindi, domin an yi tono na ilmi a Taruga a shekarun 1960 inda aka sami matoyar ƙarfe, sa'an nan tun daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a ƙarƙashin Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya, suka tone wurare masu yawa. Sun nuna al'adar ta faro tun wajen 1500 kafin Miladiyya, mutanenta manoman gero ne, kuma sau da yawa ana samun mutum-mutumin a farfashe a rami, kusa da jerin duwatsu da tukwane da duwatsun wuya waɗanda masanan suka ɗauka kaburbura ne, ko da yake ƙasar wurin ta cinye ƙasusuwa. In haka ne, su ma kayan kushewa ne, kamar allunan Fayyum. Wannan ya isa ya sa marubucin Hausa ya yi hattara da kalmar gumaka da aka saba jefa musu, domin gunki abin bauta ne, kuma kiran abu gunki yanke hukunci ne a kan aikinsa.

Na Sakkwato da na Katsina kuwa labarinsu dabam ne. Ba masu bincike ne suka fito da su ba, a shagunan dillalan Turai suka bayyana da yawa a ƙarshen ƙarni na 20, musamman a shekarun 1990, lokacin da haƙar sata ta yi ƙamari a Arewa. 'Yan kasuwa suka rarraba su bisa kamanni. Wanda yake da gira mai nauyi da ta rufo ido, da gemu, da fuska a murtuke, aka ce Sakkwato ne. Wanda yake zaune a tsugune bisa wani abu mai kama da kifaffiyar tukunya, da siraran gaɓoɓi, hannuwa bisa gwiwa, ido a lumshe, aka ce Katsina ne. Akwai gwajin da ake yi wa gasasshen yumɓu don a gane tsawon rabonsa da wuta, kuma ya kai shekarun wasunsu kusa da na Nok, watau shekara dubu biyu ko fiye. Sai dai gwajin shekaru yake faɗi, ba ya faɗin gari. Maƙera na jabu ma sun koyi haɗa tsofaffin gutsattsari da sabon yumɓu don su tsallake shi.

A nan ne ya kamata a tsaya a tambayi sunan abin da yake nufi. Katsina birni ce, Katsina masarauta ce, Katsina kuma jiha ce tun 1987, wadda ta haɗa har da masarautar Daura. Wace ce daga ciki ake nufi in aka rubuta "Katsina" a ƙarƙashin mutum-mutumi a Faris? Sarautar Muhammadu Korau ta ƙarni na 15 ce, tsakaninta da waɗannan kaya akwai fiye da shekara dubu, saboda haka sunan yana jawo wa mai kallo hoton ganuwa da hasumiyar Gobarau da Katsinawa masu rawani, abubuwan da maginin yumɓun bai taɓa sani ba. Na Sakkwato ma haka: ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ambata da haƙarsu shi ne Kwatarkwashi, wadda tun 1996 take Jihar Zamfara. Iyakar jiha ta motsa, sunan da ke kan kayan bai motsa ba.

A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, wanda ta kira jan jeri, kuma Nok da Sakkwato da Katsina suna ciki. Akwai kuma Bura ta yammacin Nijar, inda Boubé Gado ya tone wata maƙabarta a 1983 ya sami ɗaruruwan tukwanen binnewa, wasu da kawunan mutane a bisansu, wadda masu haƙar sata suka afka wa bayan an yi nunin kayanta a Faransa a shekarun 1990. A cikin shekarar ta 2000 ne aka buɗe wani sashe a gidan tarihi na Louvre da mutum-mutumi biyu na Nok waɗanda Faransa ta saya, tare da ɗaya na Sakkwato, a hannun wani dillali, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da irinsu. Bayan surutu ya yi yawa, a 2002 aka daidaita cewa mallakar Nijeriya ne, Faransa ta riƙe su aro na shekara 25 wanda ake iya sabuntawa. An dawo wa ƙasa da mallaka a takarda, amma babu yarjejeniyar da za ta dawo da sunan gonar da aka haƙo su.

A ƙaddara wani manomi a Kafinsoli, ko a wani ƙauye na Kusada, garmarsa ta tono masa tukunya mai kan mutum. A ranar, abin yana da cikakken adireshi: gonar wane, gabas da rafi kaza, zurfin kamu kaza, tare da gawayi da wasu katanga. Gawayin nan shi ake aunawa a san shekaru, katangar kuma ita ake gwadawa da ta wasu wurare a san su wane ne dangin masu ita. In ya kai wa mai unguwa, aka sanar da gidan tarihi na Katsina da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, adireshin ya shiga littafi. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba da izni ba, ta kuma hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta yarda da shi. In kuwa ya sayar wa dillali, to a kowane hannu sunan yana ƙara faɗi yana rage amfani. Na farko zai ce daga wajen Kankiya, na biyu a Lome ko Kwatano zai ce daga Katsina, na uku a Turai zai rubuta "Katsina, Nijeriya". Ɓoye ainihin wurin ma dabara ce, don kada hukuma ta bi sawu, kada kuma abokin gasa ya riga shi komawa. Haka nan abin da aka haƙo a wata jiha dabam, in ya yi tsugunon da masu saye ke so, shi ma Katsina za a kira shi.

Hausa tana da hanyar raba waɗannan ma'anoni in marubuci ya so. Tana iya cewa "wanda aka tono a wuri kaza" in akwai shaida, ta ce "irin na Katsina" ko "wanda 'yan kasuwa ke kira Katsina" in kamanni ne kawai. Mai fassara labari a rediyo ko jarida da ya ga an rubuta sunan a Turanci ya mayar da shi "gumakan Katsina", ya yi da'awa biyu a kalma biyu, ta bauta da ta asali, ba tare da ya tabbatar da ko ɗaya ba.

Akwai kuwa wuri a ƙasar Katsina inda abin ya bi ta ɗaya hanyar, watau kaburbura suka ba wuri suna. Shi ne Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda kusheyi jam'in kushewa ne, kuma tarihin baka yana danganta tuddan wurin da sarakunan Durɓawa da suka gabaci gidan Korau. H. R. Palmer ya tone wasu a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake tone uku bisa ƙa'ida, aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka yi nazarinsu. An sami manyan mutane da aka binne tsakanin wajen ƙarni na 13 da na 16, tare da kayan ado na zinariya da hauren giwa da wuri da mundaye na ƙarfe, da kuma wata tasa wadda masana suka danganta ƙirarta da ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya. Da yake an rubuta tudun da ta fito da wanda take kusa da shi, tasar ta zama shaidar cewa fatauci ya haɗa ƙasar Katsina da waɗannan ƙasashe a wancan zamani. Da ta bi ta hannun dillali, bisa kamanninta za a raɗa mata suna, a ajiye ta a sashen kayan Gabas ta Tsakiya, ko Katsinar ma ba za a ambata ba, balle Mani.